Man Sitiyari Ranar Suna

Rumasa'u ta fito da kular dambun nama a hannu, sai ta ga wani jan ruwa ya kwanta a ƙarƙashin gaban motar, ya gangaro har bakin ciyawar gidansu na Lanham. Ta ajiye kular, ta dangwala yatsa ta shinshina. Mai ne. Ta hau ta tada injin, ta murɗa sitiyari, sai ya yi wani gurnani kamar tsohon injin markaɗe, ya kafe mata a hannu.

"To, ka ji kuma," ta ce. "Duk ranakun Allah, sai yau."

Motar nan ƙatuwa ce, mai gado da banɗaki da wurin girki a ciki. Mijinta, Malam Almu, ya saye ta da ya yi ritaya daga aikin injiniya a gidan rediyo, wai zai zagaya da ita Amurka. Ko Baltimore ba su wuce ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, ya koma sai dai ya gyaɗa kai. Likitar koyar da magana ta taɓa cewa ya faɗi sunansa, ya yi ta fama har gumi ya keto masa, tun daga ranar ya rufe bakinsa saboda kunya.

Yau kuma sunan jikansu na fari ne a Richmond. 'Yarsu Tayyiba da mijinta sun yi wa yaron huɗuba da sunan kakansa, sun kuma kafe cewa shi zai sanar da shi a gaban jama'a bayan azahar. Ƙaramar mota ba ta zaunuwa gare shi. In ba a wannan mai gadon ba, ba tafiya.

Yana zaune a kekensa a bakin gareji, cikin shadda fara da ta sha guga. Ya dubi jan man, ya dube ta, ya ɗaga hannun hagu ya yi alamar a mayar da shi ciki. Rumasa'u ta ga sauƙin da ya bayyana a fuskarsa, abin ya sosa mata rai ƙwarai. Wato dai ya samu hanyar tsira.

"Malam, ka ma daina," ta ce. "Ni yau sai na ga angona. In ka ga dama ka zauna, yaro ya ƙwace maka mata kana kallo."

Ta buga wa garejin gyaran mota biyu waya. Ɗaya ya ce ba ya taɓa manyan motoci, ɗayan ya ce sai Litinin. Ta kashe wayar, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta buɗe murfin injin.

"Abin mai sauƙi ne," ta ce da ƙarfi, yadda zai ji. "Yadda direbobinmu na Funtua suke yi. A ɗura mai, a kama hanya, in ya tsiyaye a tsaya a ƙara."

Ta shiga garejin gidan ta ɗauko wata kwalba. Rumasa'u fa mai haɗa magunguna ce a asibiti, rayuwarta duk a karanta ƙananan rubutun jikin kwalba ta ƙare. Sarai ta ga an rubuta man birki. Ta wuce ta gabansa a hankali, ta juya rubutun ya kalle shi, ta buɗe tulun man sitiyari, ta karkata kwalbar.

"A'a!"

Sai da tsuntsaye suka tashi daga kan wayar lantarki. Maƙwabciyarsu Pauline, da ke ban ruwan furanni, ta leƙo ta kan shinge.

"Me ya faru, Malam?" in ji Rumasa'u, kamar ba ta san komai ba.

"Bir... birki ne." Ya nuna kwalbar da hannun hagu cikin haushi. "Zai... ci roba. Ja. Ɗauko... mai ja."

"To, na ɗauko jan. In zuba mu tafi?"

Ya harare ta irin hararar da ta yi kewa. "Ti... tiyo. Duba."

Ta tura kekensa har jikin motar, ta ba shi tocila a hannun hagu. Ya haska ƙasan famfon da ke tura man sitiyari. Tiyo biyu ne. Ta kama mai kaurin nan mai bakin ƙarfe, ya ce ba shi ba, ɗayan, wanda ke mayar da mai cikin tulu. Ta bi shi da yatsu, sai ga tsaga dab da zoben da ya ɗaure shi, mai na ɗiga ta nan.

Wannan kam ba wasa take ba, ba ta san yadda ake yi ba. Kalma ɗaya-ɗaya ya riƙa fitarwa, wata ta fito a karkace, wata sai ya maimaita. Sassauta zobe. Zare. Yanke wurin da ya tsage. Ta yanke da wuƙar kicin, mai ya ɓata mata lallen da ta kwana tana jira ya kama. Tiyon ya rage tsawo, da ƙyar ya kai, ta ja shi da ƙarfin tsiya ya shiga, ta ɗaure zoben tamau.

"Zuba. Juya... hagu. Dama. Har ƙarshe. Iska... ta fita."

Ta yi ta juya sitiyarin, tana sauka tana ƙara mai, har kumfa ta daina tasowa. Gurnanin ya ragu, ya ɗauke. Sitiyarin ya koma laushi, da yatsa biyu ma ya juyu. Ta shimfiɗa kwali a ƙasa suka jira, ko ɗigo.

"Litinin," ya ce, "sabon tiyo."

"An gama, ranka ya daɗe."

Pauline ta taya ta ɗora shi a motar. Tun daga babbar hanya har suka wuce Fredericksburg, tana jin sa a baya yana ta motsa baki shi kaɗai. Ba ta waiwaya ba.

A falon Tayyiba mutane sun cika, an raba goro da dabino, liman ya yi addu'a ya juyo gare shi. Aka ɗora masa jaririn a hannun hagu. Wurin ya yi tsit. Shirun ya yi tsawo har liman ya buɗe baki zai taimaka, Rumasa'u ta girgiza masa kai daga bakin ƙofa. Ta dunƙule hannayenta masu baƙin mai a cikin mayafi.

Malam Almu ya dubi fuskar yaron, ya ja numfashi.

"Sunansa," ya ce, "Al... mus... tafa."