Askin Bariki

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, kowa na murnar an huta da kaki, a shekarar ce ɗana Muttaka ya ce shi sai ya sa kaki. Ka ji yaro da iya zaɓen lokaci.

Mijina Malam Maharazu wanzami ne, gadon gidansu ne kuma. A Ƙofar Na'isa akwai gidajen da tun zamanin kakansa ba su taɓa kiran wani wanzami ba. Sai dai an jima hannunsa yana rawa, kuma ba wanda ya sani sai ni da Muttaka, autanmu, namiji ɗaya tilo. In an je askin suna, Malam zai rungume jariri a cinya yana addu'a, ya ce, "Muttaka, matso ka koyi aiki." Mutane su yi ta yaba masa yana horar da ɗa, alhali ɗan ne ke rufa masa asiri.

Ana haka sai Jibrin, ɗan maƙwabtanmu, ya dawo hutu daga bariki da igiya biyu a kafaɗa da baki kamar rediyo. Ya shigo gaishe ni, Muttaka na zaune yana wasa aska.

"Inna, aikin soja yanzu ai daɗi ne zalla," in ji shi. "Mun bar musu mulkinsu, mun koma bariki. Abinci kyauta, kaki da takalmi kyauta, ga ɗaki, ga albashi, in ka tsufa ga fansho. Asibiti kuwa, har iyayenka sai a duba."

Na ce, "Harsashin ma kyauta ne?"

Ya yi dariya ya ce Inna akwai barkwanci. Ni kuwa ba da wasa nake ba. Da ya ambaci asibiti na ga hannun Muttaka ya tsaya cak a kan askar.

Da Jibrin ya fita na tsare Muttaka. "Hannun babanka kake so a gyara, shi ne za ka ɗauke masa hannun da yake aiki da shi?"

"Inna, rawar nan ƙaruwa take yi. Jiya shayi ma sai da ya zube masa a riga. Samari duk sun koma wurin masu aski da inji. In na zauna, da me zan kai shi wurin babban likita?"

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, yaron gaskiya ya faɗa.

Na koma kan uban. "Malam, ka hana shi mana. Kai kaɗai zai ji."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "In ce masa me? Ya zauna ya tsufa a gindina saboda na lalace?"

Sai na koma roƙon Allah a ƙi ɗaukarsa, a ce gajere ne, ko ƙirjinsa bai cika ba. Ina! Tsayin kakansa ya ɗauko. Aka ɗauke shi, ya tafi Zariya horo, na yi kukana a madafa na share ido.

Bai daɗe da tafiya ba aka haihu a gidan Alhaji Abdulmalik, gidan da ya fi kowane daɗewa a hannunmu. Ranar suna Malam ya rataya zabirarsa ya fita shi kaɗai. Tun kafin hantsi sai ga shi ya dawo, babu kason naman da ake ba wanzami.

"Na ɗora aska," ya ce, "sai na ga maɗigar yaron tana bugawa, hannuna kuma yana nasa. Na ce su aika unguwar Gwale a kira wani."

Ya rataye zabirar a ƙusa bayan ƙofa, can ta zauna. Kafin Juma'a unguwa ta ɗauka. Ba wanda ya yi masa gori, sai sannu da ake ta yi masa a hanyar masallaci, wadda ta fi gorin ciwo.

Bayan an kwana biyu Jibrin ya sake zuwa, ɗauke da hoton Muttaka cikin kaki, hula a hannu, kai ƙwal. Na tambaye shi batun asibiti, ya sosa ƙeya ya ce sai yaro ya gama horo, an ga inda aka tura shi tukuna.

Malam ya karɓi hoton da hannu biyu, duk da haka yana kaɗawa. Bai dubi kakin ba, bai dubi takalmin da Jibrin ke nuna masa ba. Ya matsar da hoton kusa da ido.

"Jibrin," ya ce, "wa ya yi masa wannan askin? Ko bayan kunne ba a gyara masa ba."