Kwanon da Hure Ta Mayar

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, ekklisiya ta turo Irimiya aikin bishara wani ƙauye kusa da Shanono. Shekararsa ashirin da uku, da amaryarsa Maryamu. Da bazara ta yi tsanani aka aiko masa da buhun dawa biyu, Fasto ya haɗa da saƙo: ya raba da hannunsa, don mutane su san da sunan wa aka ba su.

Danga ɗaya ce tsakaninsu da Hure, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Kullum da la'asar hayaƙi na tashi a gidanta. Maryamu ce ta leƙa ta wata kafa, ta dawo ta gaya masa.

"Maigida, ruwa ne zalla a tukunyar. Don a ga hayaƙi take hura wutar."

Ranar suka tuƙa tuwo, Maryamu ta kai wa Hure a kwano. Irimiya ya ji a ransa lallai don irin wannan aka kira shi.

Kwanon ya dawo da kuka a ciki. Washegari ya dawo da daddawa. Rana ta huɗu da Maryamu ta buɗe faifan sai ta miƙo masa. Zangarniyar gero ce guda biyu, an kakkarya su don su shiga kwanon, sun yi baƙi da hayaƙin rataya. Ɗan manomi ne shi, ba sai an gaya masa ba. Iri ne, wanda ake ajiyewa don shuka.

In ya daina aikawa, yaran nan su kwana da ruwan zafi. In ya ci gaba, kafin ruwan shuka ya sauka tuwonsa ya cinye gonar Hure ta bana. Ga gajimare ya fara haɗuwa a gabas. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya rufe, bai san me ya karanta ba.

Ya je ƙofar gidanta ya yi sallama. Ta amsa daga bayan zana.

"Inna Hure, don Allah ki daina sa komai a kwanon nan. Kyauta ce."

"Malam Irimiya, a gidan nan ba a taɓa mayar da kwano wayam ba, ba kuwa a kaina za a fara ba." Ta rage murya. "In na ci ban mayar ba, gobe a bakin rijiya a ce Hure ta ba da sallarta ta karɓi tuwo. Ina da 'ya'ya mata."

Ya so ya ce ba haka yake nufi ba. Sai saƙon Fasto ya faɗo masa. To, in ba haka ba, me yake nufi?

Da hantsi ya sami Malam Uwaisu, limamin garin, a zaure yana gyaran alƙalami.

"A'a, mutumin Lahadi! Ka zo karɓar shahada ne, ko har yanzu ni kake jira?"

Irimiya bai iya dariya ba. Ya zauna ya zayyana masa komai, ya ajiye zangarniyar a gabansa. Malam ya daɗe yana jujjuya ta.

"Kawo dawar nan in raba. Abin da ya fita daga zauren nan sadaka ce, ba a mayar da kwanonta," in ji shi. "Amma ka sani, ba zan ce nawa ne ba, don ba na ƙarya. Ba kuma zan ce naka ne ba. Zan ce wani bawan Allah ne."

"Sunan da aka aiko ni da shi fa, Malam?"

"Wannan tsakaninka da wanda ya aiko ka."

Irimiya ya sunkuyar da kai. Wata bakwai yana garin, ko mutum ɗaya bai ƙaru a sujada ba, dawar nan ce kaɗai ta sa ake ambaton coci. Ranar Lahadi kuma Fasto zai zo a kan keke, zai tambaya.

Iska mai sanyi ta shigo zauren.

"Zan kawo buhu ɗaya bayan azahar," ya ce. "Sai dai a sa zangarniyar nan a cikin kason Hure, a ƙasa, yadda ba wanda zai gani."

"Za ta gane," in ji Malam.

"Za ta mayar?"

Malam ya yi ɗan tunani. "Ba ta da inda za ta kai shi, sai gona."

Irimiya ya miƙe. A hanya yana ta shirya abin da zai faɗa wa Fasto, har ya isa gida bai sami kalmar farko ba. Ya ce Maryamu ta kama masa, ya ɗora buhun a ka.