A Hankali, Magagi

Duk wanda ya san Magagi malamin gona a Filinge ya san bakinsa ba ya da birki. In ya tsaya gaban manoma yana bayanin irin gero, kafin tsoho ya gyara zama ya kai ga girbi. Matarsa Haske, wadda ke buga takardu a ofishin furoje, wato wani shirin tallafa wa manoma, ita ce ta samo masa magani. Ita ta tsara masa shafukan da yake haskawa a bango da majigi, kuma a gindin kowane shafi, da 'yan ƙananan baƙaƙe, ta rubuta: "A hankali, Magagi." Yakan saci kallon kwamfuta, ya ga rubutun, ya ja numfashi. A ganinsa wannan sirrinsu ne su biyu.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, furoje ya tattara ya tafi, aka bar masa tsohuwar kwamfuta da majigin. Kafin damina ta zagayo, Haske ma ta rasu.

Da manoman Bonkuku suka kira shi ya yi musu bayanin tsutsar da ke cin zangarniya, sai ya buɗe tsarin da ta bari, ya soma sababbin shafuka. Launin ya fito, hoton damin geron da ke kusurwa ya fito, amma gindin shafi wayam. Ya rufe ya buɗe, ya kashe ya kunna, har da hure maɓallan kamar ƙura ce ta ɓoye maganar. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don abin da ya rage masa na muryarta ke nan.

Ya ɗauki kwamfutar ya nufi wajen Hajara, ƙanwar marigayiyar, wadda ita ma aikin sakatariya take yi, kuma ba ta taɓa raga masa ba.

"Mijin yaya, mi ka ɓata kuma?"

"Ban taɓa komi ba. Rubutun ƙasa na ya ɓace."

Ta duba, ta danna nan da can, sai dariyarta ta tsaya.

"Ba ɓacewa ya yi ba. Wurin nai na nan cikin model ɗin, tsarin da ta bari, amma rubutun ba ya biyo sabon aiki da kai nai. Sai an shiga an rubuta, an danna a sa shi ga dukkan shafuka."

"To da can wa ka sa shi?"

Hajara ta dube shi. "Wa kake gani?"

Ashe duk shekarun nan, duk lokacin da ya gama shiri ya fita alwala, Haske ce ke zama ta sa masa da hannunta. Shi kuwa gogan yana ta yabon na'ura.

"In rubuta maka? Yanzu-yanzu na."

Ya daɗe yana kallon wurin. Kewar Haske ta kama shi. "Bar shi," ya ce. "In ba ita ta rubuta ba, ba shi ba ne."

Ranar taron, aka rataya farin zane a bangon wani aji, aka tayar da janareta. Manoma suka cika wurin, mata a gefe guda. Magagi ya yi sallama ya soma. Shafi na farko lafiya lau. A na biyu ya saci kallon ƙasa bisa sabo, ya ga fili, sai bakin ya ƙwace. Ya haɗa tsutsa da taki, ya haɗa taki da ranar shuka, yana ji yana gani ya kasa tsayawa, gumi na bin wuyansa.

Can daga cikin mata, wata tsohuwa mai suna Tambara, wadda ko harafi ɗaya ba ta sani ba, ta ɗaga murya.

"A hankali, Magagi!"

Ya tsaya cak. Ba wanda ya yi dariya.

"Inna, ina kika san wanga?"

"Haba ɗana, ai bango ya fi akwatin naka girma. Tun zuwanka na farko ɗiyan lekol, 'yan makaranta, sunka karanta muna. Yau mun ga babu, mun san dalili."

Magagi ya sunkuyar da kai, ya share fuska da hannun riga. Sannan ya ja numfashi, ya koma shafi na biyu, ya sake farawa.