Tsuntsaye Sun Haddace Kiɗan Mudi

Malam Mudi ya fizgi igiya, gwangwanaye arba'in da ya rataya a gonar shinkafa suka ɗauki kuka: biyu daga gabas, ɗaya daga yamma, tsohon faranti ya rufe. Tsuntsun jan-baki ko ɗaya bai tashi ba. Ci kawai suke yi.

Shekara talatin yana korar tsuntsu a fadamar Maska, kuma ba a taɓa yin irinsa ba. Ya san tsakuwa nawa ke cikin kowane gwangwani, na madara mai siririyar murya, na tumatir mai kauri. Mai wucewa a babur ma yakan gane Mudi ne a rumfa.

Da hantsi Hajiya Amatullahi, mai gonar, ta zo ta murza zangarniya, ta ga ƙaiƙayi. Ta ce masa tsuntsayen sun haddace kiɗansa, in bai sauya ba zuwa Juma'a za ta ba Sanda, wani mai korar tsuntsu, rumfar.

"Sanda ai hayaniya yake yi, Hajiya. Ni kiɗa nake."

"To Baba, da kiɗan naka suke cin abinci."

Ya sauya. Ya ƙara kwalabe da murfin tukunya, ya fara daga yamma. Tsuntsaye suka tashi, amma kafin ja na huɗu hannu ya koma tsohuwar hanya, suka sauko. Ya mayar da igiyar zuwa hagu, ashe hagun ma ta iya. Ya ɗaura a babban yatsan ƙafa, ita ma haka. Kwana biyu yana kokawa da jikinsa a rumfar nan, gumi har gemu.

Ranar Alhamis matarsa Hansai ta kawo fura. Ya ba ta igiyar ta riƙe ya yi azahar. Ta dinga fizga ba kai ba gindi, har kunnensa ya yi zafi a cikin salla. Da ya sallame, gonar fes, babu tsuntsu ko ɗaya.

Da Hajiya ta dawo, ya shaida mata ya ƙirƙiro sabon salo, amma sai da hannun mace yake fita, shi kuma yana ba da umarni. Ta dubi shinkafar, ta bar masa rumfar.

Hansai na ta fizga. Mudi ya zauna a kan hannayensa, don kada su kai ga igiyar.