Lambar Kofur Abbas

Malam Abatcha ya shekara talatin da biyu yana koyar da tarihi. Tun da ya ajiye alli ba shi da wani aiki sai bin tsofaffin sojoji gida-gida, a Potiskum da ƙauyukan kewaye. Yana karɓar lambobin yaƙin da masu su suka yarda su rabu da su, yana rubuta labarin kowa: inda aka ɗauke shi, bataliyarsa, inda ya yi yaƙi, yadda ya dawo. A zaurensa akwai kabad mai gilashi, da lambobi arba'in da ɗaya a jere a kan farin ƙyalle. Shida na yaƙin Boma ne, jikoki suka kawo masa. Sauran na yaƙin basasa ne da na Laberiya.

Mutum ɗaya ne ya gagare shi, Baba Maigandi, wanda ya yi yaƙin basasa, ya dawo ya ƙare ƙarfinsa yana gadi a kasuwar shanu. Sau uku Malam Abatcha ya je wurinsa, sau uku tsohon ya ce ya manta komai.

Wata Laraba da hantsi surukar Baba Maigandi ta zo ta ce yana kira. Malam Abatcha ya tarar da shi kwance a tabarma, ƙafafunsa sun kumbura. Bayan gaisuwa tsohon ya jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin matashi, ya zazzage shi. Lambobi biyu suka faɗo, iri ɗaya, ƙyallensu ya koɗe.

"Ɗaya tawa ce," in ji shi. "Ɗaya ta Abbas ce, mutumin Nangere. Kofur ne. Buɗe littafinka, Malam."

Ya ce tare suka tashi da Abbas, suna kora shanu. Shi ne ya zuga Abbas suka tafi Kano aka ɗauke su soja, lokacin auren Abbas da matarsa Gumsu bai wuce wata huɗu ba. Ranar tafiya Gumsu ta riƙe wa Maigandi riga a ƙofar gida, ya rantse mata da Allah zai dawo mata da mijinta.

"A shekara ta biyu aka ce mu haye wani kogi a kudu. Sunana na cikin jirgin farko. Zazzaɓi ya kama ni, ko bindiga ba na iya ɗauka. Abbas ya ce wa saje shi zai shiga a madadina. Ina bakin ruwa ina kallo aka buɗe musu wuta. Ko gawarsa ba mu gani ba."

Malam Abatcha ya daina rubutu. "Ba a aika wa iyalinsa ba, Baba?"

"Maraya ne, ni ya rubuta a matsayin ɗan'uwansa. Da aka gama yaƙi aka ba ni lambarsa da takardarsa in kai gida. Na je Nangere. Har na isa ƙofar gidan, na ji Gumsu tana yi wa yarinya wasa a tsakar gida. Na kasa yin sallama, na juya. Da mutane suka dame ni da tambaya, sai na ce mun rabu a kudu, ban san inda ya yi ba."

Ya tura masa lambar da takardar. "Ka nemo mini Gumsu da yarinyar. Ni ƙafafuna sun ƙare."

Washegari Malam Abatcha ya hau keken Napep zuwa Nangere. Bai sha wahala ba. Wani mai shayi ya ce Iya Gumsu ta rasu shekara uku da suka wuce, amma 'yarta Ummul-Khair tana nan, tana sayar da man gyaɗa a bayan masallaci.

Ya same ta tana tuyar ƙuli-ƙuli, mace mai furfura da jikoki. Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ta kawo ruwa. Da ya ambaci sunan Abbas sai fuskarta ta canza.

"Malam, in shi ne ya aiko ka, ka koma. Mutumin da ya auri wata can kudu ya bar uwata tana surfen gidajen mutane? Ba ni da uba."

"Hajiya, bai auri kowa ba. Ya rasu tun kina goye."

Ya karanta mata abin da ya rubuta, bai rage ko kalma ba, sannan ya ajiye lambar a gabanta. Ƙulin da ke kan wuta ya ƙone ba ta lura ba, wata maƙwabciya ta zo ta sauke kaskon.

"Iya ta jira shi shekara bakwai kafin alƙali ya raba auren," in ji ta. "Ba ta sake aure ba. Ko a ciwon ajalinta, da na ce ta yafe masa, kawar da kai ta yi." Ta ɗauki lambar ta juya ta a tafin hannunta. "Wannan Maigandin, shi ne mai gadin kasuwar shanu, dogo, mai tabo a goshi?"

"Shi ne."

"Na sha sayar masa da ƙuli. Kullum sai ya ce Allah ya yi mini albarka."

Ta ce ba za ta je ba. Amma bayan kwana biyar sai ga ta a zauren Malam Abatcha da mayafinta, ta ce ya raka ta.

Da suka shiga, Baba Maigandi ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa. Ya fara neman gafara, ta ɗaga masa hannu.

"Baba, abu ɗaya na zo tambaya. Ya san an haife ni?"

Tsohon ya dubi Malam Abatcha, ya dubi ƙasa. "Bai sani ba, 'yata. Ya dai san da ciki. Wasiƙar haihuwarki ta daɗe a hanya, sai bayan rasuwarsa da kwana tara ta iso. Ni na buɗe ta."

Ta gyaɗa kai. Ta tambaye shi ko Abbas dogo ne, ko yana da fara'a, wane abinci yake so. Ya amsa mata ɗaya bayan ɗaya, yana kuka. Da ta tashi tafiya ya ce, "Kin yafe mini?"

"Nawa na yafe," in ji ta. "Na Iya kuwa ba a hannuna yake ba."

A hanya ta miƙa wa Malam Abatcha lambar, ta ce ya ajiye a wurinsa, gidanta yara za su ɓatar. Abin da take so shi ne ya kwafe mata labarin da manyan baƙaƙe, don 'ya'yanta su karanta su daina faɗin abin da suke faɗi a kan kakansu. Ya kwafe mata shafi uku.

Baba Maigandi ya rasu bayan babbar Sallah da mako biyu. Ummul-Khair ba ta zo gaisuwa ba, amma ranar sadakar uku ta aiko da babban ɗanta da tukunyar kunun gyaɗa, ya zauna a cikin masu makoki har la'asar.