Iskar da ke Shiga Famfon Mai

Motar ta sake mutuwa, karo na uku tun safe. Mai Biredi ya doki sitiyari da tafin hannu har hon ya yi ƙara.

"Dukanta za ka yi ta warke?" Muryar ta fito daga tagar maƙwabcinsa, tsohon makanike, wanda rabonsa da taka ƙofar gida wata huɗu ke nan. "Zo nan. Minti nawa take yi kafin ta mutu?"

"Kamar goma, Baba. A gareji sun ce famfon mai ne ya gama yayi, sai sabo."

"Sun ce! Su da ba su san komai ba sai cirewa da sakawa."

Mai Biredi ya shiga. Ɗakin warin magani yake yi, amma a ƙarƙashin gado akwatin sufanu na nan, fes, an goge. Tsohon ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu, idanun ne kawai ba su san da ciwo ba. Shekara arba'in ya yi yana kwance famfunan dizal, kuma Allah ya zuba masa son sani, irin wanda ke hana mutum cin abinci.

"Kwana shida ina jin ta daga nan," in ji shi. "Kafin ta mutu takan yi tari sau biyu. Famfon da ya lalace ba ya tari haka. Iska take sha. Amma ta ina? Wallahi ba na so in tafi ban sani ba."

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan!"

"Magana ce ta gaskiya. Ke, miƙo robar nan."

'Yarsa, wadda ke jinyarsa, ta bi yatsansa da kallo. Robar ƙarin ruwan da aka cire masa jiya yake nufi, siririya, ana ganin cikinta.

"Baba, wannan fa ta asibiti ce."

"Ta gama aikin asibiti. Ɗaura ta a tiyon da ke mayar da mai tanki, ɗana. In akwai iska za ka gan ta da idonka."

Mai Biredi ya so ya yi dariya, amma ya je ya ɗaura. Ya kunna. Dizal ya bi robar rawaya-rawaya, sai ga ƙananan kumfa a jere, ɗaya na bin ɗaya kamar tururuwa. Ikon Allah! Ya tsaya baki buɗe, ya ma manta da biredin da ke jiran kaiwa shaguna.

"Akwai, Baba! Ga su nan!"

"To bi ta baya. Mahaɗa bayan mahaɗa, kada ka tsallake ko ɗaya."

Kwana biyu ya yi yana bi. Ya canja filta, kumfa na nan. Ya matse tiyon tanki, kumfa na nan. Duk sanda ya kashe inji sai ya leƙa taga ya ba da labari, tsohon kuma ya lumshe ido ya ce, "Ba nan ba. Ci gaba." A rana ta biyu muryar ta koma raɗa, sai 'yar ce ke kai kunne ta maimaita. Tsoro ya kama Mai Biredi sosai.

Rana ta uku da hantsi ya kwance ƙusar da ke shigar da mai cikin famfo. Wani ɗan zoben tagulla mai toshe mahaɗar ya faɗo masa a tafi. Ya murza shi da yatsa, farcensa ya maƙale a wani wuri. Ya sa sabo, ya ɗaure, ya kunna. Minti goma. Sha biyar. Ashirin. Injin na tafiya sumul, ko tari babu.

Ya kashe, ya ruga gidan ko hannu bai goge ba. A bakin ƙofa ya ci karo da 'yar, idanunta jajur.

"Yaya, ya tafi. Yanzun nan."

Ya jingina da bango. "Ya ji ta kuwa?"

"Ya ji. Yana ta kallon agogo. Da ta wuce minti goma ya ce, 'Ya samo.' Sai ya ce in tambaye ka ta ina." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ta ina ne?"

Ya buɗe tafinsa. Ta ɗauki zoben, ta ɗaga shi saitin rana, ta juya a hankali har haske ya ratso ta wata tsaga, siririya kamar gashi.

"Wannan ɗan abin?" in ji ta.

Ta shiga ɗakin da zoben, ta ja labule.