Kwalba Babu Takarda

"Ba sunan da kike kiransa da shi na tambaya ba," in ji likitar. "Abin da ke cikinsa nake son sani."

Anti Kuzari ta sake duban 'yar farar kwalbar robar da ke kan tebur. Babu komai a jikinta sai kalma ɗaya da aka rubuta da baƙin alƙalamin maka: Gwiwa. Rubutun nata ne. Shekara tara tana sayar da ƙwayoyin ƙarin lafiya a bakin kasuwa, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa Anti Kuzari yake ce mata. Mace ce mai baki, in ta fara yi maka bayanin bitamin sai ka ji kamar jininka ya ragu a take.

"Ganye ne zalla, likita. Ai ba magani ba ne, ƙarin abinci ne."

"Ƙarin abincin da ya ɗauke ciwon gwiwar shekara goma a kwana huɗu?" Likitar ta cire tabarau. "Hantar mahaifinki ta kumbura. Mun gwada duk cututtukan da muka saba gani, babu ko ɗaya. Wata nawa yana shan wannan?"

"Biyu. Ƙwaya biyu da safe, biyu da yamma."

"To ki samo mini kwalbar asali, mai takarda a jiki. In na san abin da ya sha, na san inda zan dosa. In ban sani ba, lalube zan yi ta yi, shi kuma ba shi da lokacin lalube."

Ta leƙa ɗakin da aka kwantar da Baba kafin ta fita. Tsohon tela ne, keken ɗinki ya cinye masa gwiwoyi. Yana kwance yana sosa hannu, idanunsa sun yi ɗorawa, ƙanwarta tana zaune a gefen gado tana yi masa fifita. Anti Kuzari ce ta kai masa ƙwayoyin da hannunta. Ranar da ya hau bene ba tare da sanda ba, har hoto ta ɗauke shi tana nuna wa masu saye. Tsoro ya kama ta sosai.

A cikin bas wayarta ta yi ƙara. Ciyaman ɗin ƙungiyarsu ta 'yan kasuwa ne.

"Anti, kar ki manta ƙarfe biyu ne fa. Mutanen hukuma sun ce za su saurare mu kafin dokar ta wuce. Ke ce bakinmu. Ki faɗa musu maganar nan taki ta ran nan."

"Ina sane, Ciyaman."

"Muryarki wani iri. Lafiya?"

"Hayaniyar mota ce."

Maganar da yake nufi tana rubuce a jakarta. Gwamnati na son duk ƙwayar ƙarin lafiya a yi mata rajista, a gwada ta, a rubuta abin da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya. 'Yan kasuwa suka ce wannan kashe ƙananan masu sana'a ne a bar manyan kamfanoni. A taronsu na baya Anti Kuzari ta miƙe ta ce, "Wa ya taɓa neman izinin gwamnati kafin ya ci abinci?" Aka yi ta tafi har da masu buga tebur. Ta kwana uku tana jin daɗin kanta.

Ta buɗe shago, ba ta ko kunna fanka ba. Matsalar ita ce kwalbar asali ba ta da takarda, kuma ita ta cire. Haka take aikinta. Takan sari manyan robobi, ta jiƙa takardar jikinsu da ruwan ɗumi ta ɓare, sannan ta ƙirga talatin-talatin cikin ƙananan kwalabe ta rubuta Jini, ko Ido, ko Gwiwa. Dalili kuwa, wata maƙwabciyarta ta taɓa shigowa da sunan gaisuwa, ta karance lambar dila a jikin roba, mako na zagayowa ta fara sayar da irin kayan da araha. Tun daga ranar Anti Kuzari ta rantse ba wanda zai sake karanta mata sirri. Dabara ce da take alfahari da ita, har yara masu tasowa a sana'ar take koya wa.

Sai dai ba ta zubar da takardun. Tana manna su a ƙarƙashin kantar shagon, wata kan wata, ko don wata rana.

Ta cire mayafi ta kwanta rigingine a kan siminti, ta haska fitilar waya. Takardun shekara tara sun manne sun zama kamar ɓawon itace. Ta sa reza tana ɗagawa a hankali, gumi na shiga mata ido. Wata ta yage, wata ta biyo da ta ƙasanta. Tana yi tana addu'a, tana yi wa kanta faɗa. A ta goma sha wani abu ta ga takardar ƙwayar gwiwar, koriya mai hoton tsoho yana gudu a kan ciyawa.

Ta fito da ita bakin ƙofa inda akwai haske. An rubuta yana ƙarfafa gaɓoɓi, yana dawo da ƙuruciya. A wurin da ya kamata a jera abin da ke ciki, layi ɗaya ne tak: haɗin ganyaye na musamman. Ta juya bayanta. Gam ne kawai.

Ta kira dilan da take sari a wurinsa.

"Anti ta kaina! Kaya sun ƙare ne?"

"Koren nan na gwiwa. Me ke cikinsa?"

"Ganye mana."

"Wane ganye? Sunansa nake so. Babana yana asibiti."

"Subhanallahi. Allah ya ba shi lafiya. Amma Anti, tsakani da Allah, ni ma a buhu ake kawo mini. Robar da takardar ni na sa aka yi, don kaya su yi kyan gani."

"Wa ke kawo maka?"

"Wani ne, shi ma wani ke ba shi. Haba Anti, shekara nawa muna tare, kin taɓa tambayata? Kuma don Allah kar sunana ya fito. Kin san halin da ake ciki da dokar nan."

Ta kashe wayar. Wato takardar da ta yi shekaru tana ɓoyewa, ba ta ɗauke da komai tun farko.

Wata dattijuwa ta tsaya a bakin kantar tana dafe da ƙugu. Tsohuwar mai sayenta ce.

"'Yata, a ba ni na gwiwar nan. Wallahi tun da na fara sha nake tashi ba mai ɗaga ni."

Kwalabe bakwai suna jere a bayan Anti Kuzari. Ta gyara tsayuwa ta tare su da jikinta.

"Ya ƙare, Mama. Wanda ya rage miki a gida ma ki dakata da shi."

"Ikon Allah. Don me?"

"Ki dai dakata. In kin ga idonki ya canza, ki je asibiti."

Da dattijuwar ta tafi, ta kwashe kwalaben bakwai ta zuba a jaka. Ta yi ƙoƙarin tuna mutum nawa ta sayar wa, ta kasa.

Ƙarfe biyu da kwata ta shiga zauren taron. Ya cika da 'yan kasuwa. A gaba jami'an hukuma uku ne, shugabarsu wata mace mai furfura da tulin fayil a gabanta. Wani mai shago yana tsaye yana cewa kuɗin rajistar kaya ɗaya ya fi jarinsa gaba ɗaya, kuma gaskiya ya faɗa, Anti Kuzari ta san shagonsa. Ciyaman ya hango ta, fuskarsa ta washe.

"Yauwa! Ga mai magana da yawunmu nan."

Aka yi tafi. Ta isa gaban makirufo, ta sa hannu a jaka. Takardar jawabin tana nan a saman kwalaben. Ta ɗaga ta, ta ɗauko kwalba ɗaya daga ƙasa, ta taka har teburin jami'an ta ajiye.

"Ranki ya daɗe, kuna da injin da zai faɗa mini abin da ke cikin wannan?"

Ta ji Ciyaman yana cewa "Anti, Anti" ƙasa-ƙasa.

Matar ta juya kwalbar a hannunta. "Wane kamfani ne ya yi shi?"

"Ban sani ba."

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni. Babana ya sha wata biyu. Likita na jirana."

Matar ta dube ta, muryarta ta sauko. "Za mu karɓa yau ɗin nan, zan sa a yi gaggawa. Amma in ba mu san abin da muke nema ba, gwajin yakan kai mako biyu. Da yana cikin waɗannan," ta dafa fayilolin, "da yanzu na buɗe na karanta miki."

Mako biyu. Anti Kuzari ta riƙe bakin teburin. Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka, sunan ƙanwarta a kai. Ta ɗauka a gaban kowa.

"Me ya faru? Jikin ne?"

"A'a Yaya, yana nan yadda kika bar shi. Gwiwar ce ta dawo. Ya ce in tambaye ki, ko kin taho masa da na yamma?"